Cardillac: Hindemith ya gyara labarin ne ko ya ɓata shi?

Malama: Ni dai a ganina mai tsara kiɗa Paul Hindemith ya cuci labarin marubuci E.T.A. Hoffmann da ya mayar da shi opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, mai suna Cardillac. A littafin na 1819, tsohuwa Scuderi ce ginshiƙi, marubuciya mai shekara 73 da ta tsaya kai da fata har gaban Sarki Louis na 14 na Faransa don kada a kashe Olivier, yaron shagon maƙerin zinariya Cardillac, kan kisan da bai yi ba. Da aka fara nuna opera ɗin a Dresden a 1926, babu ita babu dalilinta.

Kawu: Malama, ai shi maƙerin zinariyar ne ya tsaya wa Hindemith a rai. Cardillac in ya sayar da sarƙa sai barci ya ƙaurace masa, ya bi mai sayen cikin dare a titunan Paris, ya soke shi, ya ɗauke abinsa. Ki lura, shi kaɗai ke da suna a wasan. Sauran sai dai 'yarsa, hafsan soja, mai sayar da zinariya.

Auta: Kawu, ni ƙarshen ne ya hana ni sakewa. Mutum ya amsa laifi gaban jama'a ba ko nadama, taro ya rufe shi da duka, yana numfashin ƙarshe yana sumbatar sarƙar da ke wuyan hafsan, kuma hafsan nan da ya so kashewa ya ce wai gwarzo ya mutu. Waɗanda ya soke fa?

Malama: Yauwa Auta. Hoffmann ko ba komai ya kawo dalili: uwar Cardillac tana da cikinsa ta kwallafa rai a kan sarƙar wani bafade, mutumin ya mutu yana rungume da ita. An cire wannan ma.

Kawu: Gara da aka cire, uzuri ne kawai. Kuma kiɗan bai lallashi kowa ba. Wurin da wani saurayi ya kai wa wata mata ɗamarar zinariya ta Cardillac ɗakinta, ba mai rera komai, sarewa biyu ne ke ta wasa a natse har wuƙa ta sauka. Jikina ya yi sanyi.

Malama: To in haka ne, me ya sa Hindemith da kansa ya sake rubuta baitocin don nunin Zurich na 1952?

Kawu: Ya sake, amma gidajen opera sun fi ɗaukar na 1926 ɗin har yau.

Auta: Ba ka dai amsa min batun gwarzo ba, Kawu.