Tambaya: Wane ladabi ake bi wajen tambayar masu tara kayan da darajar tsohon garmaho?

'Yar Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar garmaho a cikin kayan da za a raba wa magada, irin mai baƙin akwati wanda ake murɗa masa hannu a gefe, tare da faya-fayensa a cikin tsohuwar adaka. A cikin murfin akwai hoton kare yana sauraron ƙaho. Malaman da za su raba gadon sun ce sai an san kimarsa kafin a sa shi a lissafi, kuma ni aka ɗora wa nemo wanda ya sani. An kwatanta mini wasu dattawa a cikin gari masu tara irin waɗannan kaya, amma abin da ya tsayar da ni shi ne ban san yadda ake tunkararsu da maganar kuɗi ba. Shin rashin ladabi ne in tambayi mutumin da ke tara abu don sha'awa nawa abin zai yi a kasuwa? Shin ana ba shi wani abu don ya duba? Idan kuma ya ce shi zai saya, yaya zan yi?

Mai Tara Faifai ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya gafarta wa mahaifinku. Tambayar daraja ba rashin ladabi ba ce, kuma duk mai tara kaya ya san cewa yawancin masu zuwa wurinsa wannan tambayar ce ta kawo su. Abin da ke ɓata mana rai shi ne a turo hoto guda ɗaya mai duhu a waya, ba sallama ba bayani, sai kalmar "nawa?" kawai, sannan idan mutum ya ɓata lokacinsa ya ba da amsa, a tafi ba godiya, ko a ce masa ai an ga irinsa a intanet da kuɗin da ya ninka haka. Saboda haka ki fara da faɗin ko ke wace ce, da yadda garmahon ya zo hannunku, da dalilin tambayar. Ki faɗi a fili cewa rabon gado ne, domin amsar da ake ba mai son sayarwa a gaggauce daban take da wadda ake ba magada masu neman kima ta adalci.

Bayan haka ki ba shi abin da zai yi aiki da shi, domin ba a kimanta garmaho daga nesa da suna kawai. Hoton karen da kika gani tambarin His Master's Voice ne, na kamfanin Gramophone na Ingila wanda aka kafa a 1898, kuma kamfanin Victor na Amurka ma ya yi amfani da shi. Tambarin shi kaɗai ba ya nuna tsada, saboda an ƙera irin waɗannan na'urori da yawan gaske. Daga bayaninki, mai yiwuwa naku yana cikin masu akwati na tafiya, kamar samfurin 101 da ya fito a 1925, ko 102 da ya biyo bayansa a 1931 aka ci gaba da ƙera shi har shekarun 1950. A cikin waɗannan baƙin ya fi yawa, shi ya sa masu launin ja ko shuɗi ko kore suka fi shi kuɗi. Ki ɗauki hoton akwatin a rufe da kuma a buɗe cikin hasken rana, da hoton duk wata lamba ko rubutu da ke jikinsa, da hoton kan nan mai zagaye da ake ɗaura wa allura, gaba da baya, da hannun murɗawa. Ki faɗi abin da ya ɓata ko ya karye ba tare da ɓoyewa ba. Wanda ya zo da waɗannan, ko bai ce komai ba, ya riga ya nuna ya girmama sanin wanda yake tambaya.

Akwai wani abu da ya kamata masu karatu su sani ko da bai shafi naki ba. Garmaho mai babban ƙahon tagulla mai walƙiya da ake gani a shagunan kayan ado, sau da yawa ba tsoho ba ne. Ana harhaɗa irinsu a Indiya, a ɗauki injin tsohon garmaho mai akwati a sa shi cikin sabon katako, a manna masa hoton kare. Idan masani ya gaya wa mutum cewa nasa irin wannan ne, ladabi shi ne ya tambayi alamomin da aka gani, ba ya yi fushi da wanda ya faɗa masa gaskiya ba.

Mai Gyaran Agogo ya rubuta:

Hajiya, ina ƙara abu ɗaya a kan bayanin Alhaji, kuma ina roƙon ki riƙe shi da muhimmanci: kada a gyara komai kafin masani ya gani. Mutane suna ganin kamar kunya ce su kai abu da ƙura, sai su goge shi da man goge ƙarfe ko su sake masa fenti, alhali mai tarawa ya fi son fatar asali ko da ta koɗe. Kada kuma a bar yara su murɗa hannun da ƙarfi don a ji ko yana aiki. A cikinsa akwai sifirin da aka naɗe cikin maiƙo, kuma maiƙon da ya shekara da yawa yakan daskare, ta yadda murɗawa da ƙarfi za ta iya tsinka sifirin ɗin. Allurarsa ta ƙarfe ce, an yi ta ne don gefe ɗaya na faifai sannan a canza, saboda haka tsohuwar da ke jiki za ta cinye faifan. Faya-fayen nan masu juyi 78 a minti suna fashewa da sauƙi, ba sa son zafin rana, kuma sinadarin sifirit yana narkar da su, don haka busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Ki rubuta abin da ke kan takardar tsakiyar kowane faifai ki haɗa da hotunan, domin idan akwai na mawaƙan ƙasar nan a ciki, wani mai tarawa zai fi damuwa da su fiye da na'urar kanta.

Malam Na Fagge ya rubuta:

Malama, tambayarki ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ita nake son in tsaya a kanta. Wanda zai kimanta kaya da wanda zai saye su bai kamata su zama mutum ɗaya ba, musamman a dukiyar da ke da haƙƙin marayu ko na waɗanda ba sa nan. Wannan ba zargi ba ne ga masu tarawa, domin ko mutumin kirki ne, idan zuciyarsa tana son abu, harshensa zai karkata wajen rage masa kuɗi ba tare da ya lura ba. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ki gaya masa tun farko cewa kima kike nema, ba ciniki ba, kuma za ki ji ta bakin wani bayansa. Dattijo mai mutunci ba zai ji haushin wannan ba. Idan ya taya, ki yi masa godiya ki ce kayan ba naki ba ne ke kaɗai, za ki kai tayinsa gaban magada. Abin da ba shi da kyau shi ne ki nuna masa kamar za ki sayar masa don ki ji farashi, alhali kin san ba ki da niyya, ko ki ɗauki maganarsa ki je kina yawo da sunansa wajen wasu don su ƙara. Ki nemi izininsa kafin ki ambace shi.

Game da biya, a nan na ɗan bambanta da yadda aka saba. Da yawa suna ganin addu'a da godiya sun isa, kuma ga ɗan bayani na baki a zaure haka ne. Amma idan za ki sa mutum ya taso ya zo gida, ya buɗe na'ura, ya rubuta kimar da za a dogara da ita wajen rabo, to wannan aiki ne, kuma ya dace ki tambaye shi ladansa kafin ya fara. Idan ya yafe, alheri ne daga gare shi. Ladan ya kasance kuɗi ƙayyadadde, kada a ɗaure shi da yawan kimar da zai faɗa, kuma magada su san da shi tunda daga dukiyar zai fita.

Dillalin Kurmi ya rubuta:

Hajiya, ni sana'ata ke nan, kuma na yarda da Malam duk da cewa maganarsa ta taɓa mu. Abin da zan ƙara shi ne ki shirya jin farashi iri biyu, kada ki ɗauka ɗayansu ƙarya ne. Kuɗin da ake gani a shafukan gwanjo na Ingila ko Amurka yawanci na wanda aka riga aka gyara ne, kuma sau da yawa abin da mai kaya ya nema ne, ba abin da aka biya ba. Mai saye a Kano zai cire kuɗin gyara, da wahalar samun kayan gyaran da ba a sayar da su a nan, da tsawon lokacin da abin zai zauna a shago kafin mai so ya zo, da la'adar wanda ya haɗa cinikin. Saboda haka idan kin je wurin dattawan nan, ki tambaye su abu biyu a rarrabe: nawa zai yi idan an sayar da shi yau a cikin garin nan yadda yake, kuma nawa zai yi idan an gyara shi an jira mai sha'awa. Ki kai wa masu rabon gadon duka biyun a rubuce, da kwanan wata, su zaɓi wanda za su yi lissafi da shi, kuma idan wani daga cikin magada yana son ya riƙe garmahon a cikin rabonsa, da wannan takardar za a yanke masa kuɗinsa.