Sugan Baba ya ƙi daidaita tun bayan tiyatar hanji

Assalamu alaikum. Daga Jos nake. Mahaifina shekararsa 11 da ciwon suga, kuma a da ƙwayar metformin kaɗai ke riƙe da shi. Bara aka yanke masa wani sashe na babban hanji saboda sankara, ya gama kemo, wato maganin sankarar, wata 7 da suka wuce. Lokacin kemon likita ya ce maganin dexamethasone da ake ba shi ne ke ɗaga sugan, in an daina zai sauka. An daina, shiru.

Da asuba kafin ya karya, na'ura tana nuna 170 zuwa 200. Metformin yanzu zawo yake sa shi, sau biyar ko shida a yini, har da irin wanda ke narkewa a hankali da aka canza masa. Aka ƙara masa wata ƙwayar suga, gliclazide. Ranar da ya kasa cin abinci sugan ya faɗo 58, yana gumi yana karkarwa, sai da muka ɗura masa ruwan sukari.

Abinci ne ya fi ɗaure min kai. Masu kula da suga sun ce acca, wake da kabeji. Likitan tiyata ya ce a rage wake da kabeji, kuma da gaskiyarsa, cikin Baba kumbura yake yi. Abin da cikin ke karɓa lafiya, farar shinkafa da dankalin turawa, su ne ke harba sugan sama.

Don Allah ma'aikatan lafiya, a irin wannan hali lokaci ya yi da za mu nemi likitansa ya mayar da shi kan allurar insulin, a ajiye ƙwayoyin nan biyu?