Tiransista da tirayak: me ya sa ƙwan fitila yake ba da rabin haske?

Mai_Kyankyasa ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, kuma ina so Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake ba umarni, ya riƙa kunna hita mai wat 500 yana kashe ta domin zafin cikin akwatin ya tsaya kusa da digiri 37.5. Na zaɓi tirayak BT136 (makunnin wuta na lantarki mai ƙafa uku: MT1 da MT2 da wuta ke bi, da G da ake kunna shi da ita) saboda rile, wato makunni mai ƙarfe mai motsi, yana saurin mutuwa idan ana yawan kunna shi. Da yake ƙafar Arduino ba ta son a ja fiye da 20 mA daga gare ta, sai na sa tiransista BC547 a tsakani, yana tura 5V zuwa ƙafar G ta cikin resista 220Ω, na kuma haɗa MT1 da GND (ƙafar 0V) na Arduino da nutiral na wutar gida wuri ɗaya. Da na gwada da ƙwan fitila, haskensa bai cika ba, kuma yana ɗan rawa. Shin tirayak ɗin ne jabu, ko kuwa haɗin ne bai yi daidai ba?

Injiniya_Dala ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton tirayak ɗinka lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ga yadda kake kunna shi. Tirayak yana da yanayin kunnuwa guda huɗu, gwargwadon ko ƙarfin wutar (V) da ke kan MT2 da G yana sama da na MT1 ko yana ƙasa da shi. A haɗinka G kullum yana sama da MT1, alhali wutar gida tana juyawa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka a rabin zagaye kana cikin yanayi na farko, a ɗaya rabin kuma, lokacin da MT2 ya koma ƙasa, kana cikin na huɗu, wanda shi ne mafi taurin kai.

Takardar bayanan BT136 na yau da kullum ta nuna cewa yana iya neman har 35 mA a yanayi uku na farko, amma a na huɗu har 70 mA. Kai kuwa, idan aka cire abin da tiransista da ƙafar G suke ci daga cikin 5V, abin da resista 220Ω zai bari ya wuce bai fi 15 mA ba. Wannan ya isa ya kunna shi a rabin zagaye ɗaya, bai isa a ɗayan ba, shi ya sa ƙwan yake samun rabin wuta.

Gyaran da aka saba yi shi ne a juya haɗin. A haɗa MT1 da +5V, a sa emita ta tiransista a GND, kolekta kuma ta tafi G ta cikin resista, ta yadda tiransista zai riƙa jawo wuta daga G maimakon tura masa. Da haka za ka riƙa aiki a yanayi na biyu da na uku kawai. Idan ka cire 1.5V na G da 0.2V na tiransista daga 5V, saura 3.3V, resista 68Ω zai ba ka kusan 48 mA, wanda ya bar rara domin lokacin sanyi, tunda buƙatar G tana ƙaruwa idan tirayak ya yi sanyi. Resista 1kΩ ya wadatar a bes, wato ƙafar tiransista da ke haɗe da Arduino.

Malam_Rediyo ya amsa:

Lissafin Injiniya daidai yake, kuma haka ake yi a cikin na'urorin da aka rufe ruf da roba, waɗanda hannu ba ya kaiwa cikinsu. Sai dai, ɗan'uwa, ba zan ba ka shawarar ka bi wannan hanya a injin ƙyanƙyasa ba. Ko a haɗinka na farko ko a wanda aka gyara, Arduino yana manne kai tsaye da layin 230V. Duk wanda ya yi aikin waya a gidajenmu ya san sau nawa ake tarar da soket an juya masa mai wuta da nutiral, balle kuma idan an koma kan janareta. Ranar da hakan ta faru, allon Arduino da na'urar auna zafi da ke cikin akwati mai danshi duk za su ɗauki wuta, kuma idan ka soka kebul ɗin USB a kwamfuta domin sauya umarni, to ita ma ta shiga haɗarin.

Ka sayi optokofla MOC3063, wato na'urar da ke raba Arduino da layin 230V, wadda haske ne kaɗai ke ratsa tsakanin ɓangarorinta biyu. Tana kunnuwa da 5 mA, saboda haka ba ka ma buƙatar tiransista: resista 330Ω daga Arduino zuwa ƙafa ta 1, ƙafa ta 2 zuwa GND. A ɗaya gefen, MT2 ya bi ta resista 360Ω zuwa ƙafa ta 6, ƙafa ta 4 ta tafi G, sannan a sa wani resista 330Ω tsakanin G da MT1. A wannan haɗi G yana bin alkiblar MT2, don haka yanayi na huɗu ba ya tasowa. Na fifita ta a kan MOC3041 domin tana jure 600V, waccan kuwa 400V, alhali ƙololuwar 230V ta kai kusan 325V tun kafin wuta ta yi tsalle.

Mai_Kyankyasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan bi hanyar optokofla. To amma zan iya rage ƙarfin hitar da ita, ko kunnawa da kashewa kawai take yi?

Injiniya_Dala ya amsa:

MOC3063 tana jira sai wuta ta zo kusa da sifili kafin ta kunna, saboda haka ba ta yanka zagaye a tsakiya kamar yadda ake rage hasken fitila, wannan aikin MOC3052 ne. Amma hita ba ta buƙatar haka, domin zafi ba ya saurin sauyawa. Ka ɗauki daƙiƙa biyu a matsayin zango, ka kunna na rabin daƙiƙa idan kwatan ƙarfi kake so. Kada kuma ka bar BT136 tsirara: wat 500 yana jan kusan 2.2A, kuma tirayak zai fitar da zafin da ya haura wat 2, don haka sai an ɗaura masa farantin alminiyam. Ka lura cewa ƙarfen bayansa haɗe yake da MT2, wato farantin zai ɗauki wuta, sai dai ka raba su da takardar maika ko ka koma tirayak BTA16, wanda bayansa a keɓe yake.