Tsarin Wasa: Abin da Aka Fi Nanatawa

A tattaunawar da muka yi kan tsara ƙungiyar ƙwallon ƙafa, shawarar da ta fi rinjaye ita ce koci ya duba 'yan wasan da ke hannunsa kafin ya zaɓi tsari. An kawo misalin Chelsea a 2016: bayan Arsenal ta lallasa su da ci 3-0, kocinsu Conte ya koma 3-4-3, wato 'yan baya uku, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba uku, ya mayar da Victor Moses gefen dama yana hawa yana sauka, suka ci wasan lig 13 a jere, suka ɗauki kofin Firimiya.

An daɗe a kan lamba shida, wato ɗan wasan tsakiya da ke tsayawa gaban 'yan baya, kuma ni ma nan hankalina ya tsaya. A 4-3-3, idan mai tsaron baya na gefe ya hau, lamba shida ne zai zame ya toshe gurbin. In ya bi ƙwallo ya manta bayansa, fas ɗaya ya isa a farke tsakiya.

Masu son 4-4-2 sun ce a matse layuka biyun, na 'yan baya da na 'yan tsakiya, kada a bar fili tsakaninsu. Tarkon satar gida kuwa, sai 'yan baya sun saba da juna, mutum ɗaya yana ba da umarni.