An taɓa cin tarata kan gudu, in rubuta a fom ɗin aikin tirela ko in yi shiru?

Ɗan Bunza:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena direbobi. Shawara nake nema. Na daɗe ina yaron mota a wata daf mai ɗaukar shinkafa, daga baya na koma jan Sharon tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato don in tara kuɗin lasin. Bara 'yan rod sefti suka tare ni bayan na wuce Jega, na'urarsu ta nuna na zarce ƙa'ida, kuma gaskiya na zarce. Suka rubuta mini takarda, na je banki na biya, rasit yana hannuna. Yanzu lasin ɗina na aji G, wato na jan tirela, ya fito, ga wani kamfani mai tireloli da ke lodi a Argungu yana ɗaukar sababbin direbobi. A fom ɗinsu sun tambaya ko an taɓa cin mutum tara a hanya cikin shekara uku. Abokina ya ce in sa a'a, ba mai bincikawa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mini yadda ta kaya da shi. Ranar Litinin ake mayar da fom.

Sani Kamba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka fara biyan tarar tukuna, kada ka kai fom da bashin hukuma a wuyanka.

Ɗan Bunza:
Yaya Sani ai na biya tun bara, na faɗa a sama.

Mai Kanta:
Mi ya kai ka kamfani? Nemi motar wani Alhaji a garejin Jega. Can ba fom ba hoto, wanda ka yi wa yaron mota ya ce ka iya, shi ke nan an miƙo maka makulli.

Nura Yauri:
Nawa suka ci ka? Ni dubu 50 na biya kusa da Koko, sai da na sayar da rago.

Ɗan Bunza:
Dubu uku ne.

Nura Yauri:
To kai tara ka biya ko sadaka? Ba a cin mutum dubu uku a ƙasar nan.

Malam Bala Akawu:
Duk kun yi gaskiya, laifin ne ba ɗaya ba. A jadawalin da muke aiki da shi a ofis, wuce ƙa'idar gudu naira 3,000 ne da makin laifi 3 a kan lasin. Tuƙin ganganci shi ne naira 50,000 da maki 10. Nura ka duba takardarka, da wuya in ba ganganci aka rubuta maka ba. Ɗan Bunza, ni akawu ne a wani kamfanin sufuri, ta hannuna fom ke bi kafin ya isa wurin manaja. Ka rubuta gaskiya, ka haɗa da kwafin rasit. Duk kamfanin da ke da mota biyar zuwa sama doka ta ce ya yi rajista da hukumar kiyaye haɗurra, ya ajiye jami'in da ke kula da lafiyar tuƙi, ya riƙe fayil ɗin kowane direba. Shi ya sa suke tambaya. Tarar gudu guda ɗaya da aka biya ba ta taɓa hana mu ɗaukar mutum ba. Wanda muka sallama shi ne wanda ya sa a'a, daga baya magana ta fito daga bakin tsohon maigidansa.

Baba Mai Daf:
Ɗana, ka saurare ni. Ba tarakka ad damuwata ba, mutumin da za ya tsaya maka nike tausai. Ɗan ƙanwata na tsaya ma haka. Yaron ga a gidana ya tashi, ni na koya mai riƙon sitiyari. Da za su ɗauke shi sunka ce sai garanto mai takardar fili ko gona, na ɗauki takardar gonata ta fadama na kai, na sa hannu. Ashe can baya da yana jan kanta ya taɓa kifar da ita, ya ɓoye mani, ya ɓoye ma kamfani. Ba a daɗe ba ya ɗauko albasa daga Aliero za shi Legas, tsakanin Kontagora da Mokwa ya shiga kwana da gudu, tirela ta kwanta. Allah ya tsare rai, amma kan mota ya tashi aiki, albasa kuwa rabi mutanen gari sunka kwashe, rabi ta ruɓe a rana. Sai da bincike ya taso sannan tsohon zance ya fito. Sunka ce tunda ya yi ƙarya a fom, su ba ruwansu, garanto shi biya. Na yi ta sintiri ofishinsu, manaja ba ya ma yarda mu haɗu, sai mai gadi ya ce mani ya fita. Shugabannin ƙungiya sunka sa baki, anka rage, amma sai da gonar ta tafi. Gonar da ubana ya bar mani, inda nike samun shinkafar da gidana ke ci shekara. Yau awo nike yi a kasuwa da mudu. Uwar yaron, ƙanwata ciki ɗaya, ko gaisuwar Salla ba mu yi, wai ni na kai ɗanta inda anka tozarta shi. Shi ko yana Kwatano, an ce acaɓa yake yi.

Sani Kamba:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba.

Maman Hafsat:
Baba Allah ya sanyaya maka zuciya. Maigidana direban tanka ne, ya rantse ko ɗan da ya haifa ba zai tsaya wa ba. Da ina ganin tsaurin rai ne, yanzu na gane.

Nura Yauri:
Baba ba ka kai su kotu ba? Takardar gona ai ba a karɓe ta haka kawai.

Baba Mai Daf:
Da wane kuɗi? Kuma hannuna na a takarda, ba wanda ya tilasta ni.

Habu Tanka:
Baba ka yi haƙuri, amma kifar da mota daban, tarar dubu uku daban. Kada a tsorata yaro. Ni na cike irin fom ɗin nan, na sa a'a alhali an taɓa rubuta ni, har yau ba wanda ya tada zancen. Shi kuma Malam Bala da ke ta lissafo doka, ya taɓa hawa gadar Jebba da lodi cikin dare? Mai zaman fanka ba zai koya wa direba hanya ba.

Malam Bala Akawu:
Ban taɓa ba Habu, kuma ban ce na iya tuƙi ba. Amma yaron nan ba hanya ya tambaya ba, fom ya tambaya, fom kuwa ni ke karanta shi ba kai ba.

Baba Mai Daf:
Habu, lokacin da na fara jan babbar mota ko hukumar ba a kafa ba, sai 1988 ta zo. Kai don ba a kama ka ba kake ganin ka iya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Habu Tanka:
Shekaru ba su ne hujja ba Baba. Zamaninku ba tiraka mai nuna wa oga inda mota take, ba mai kiran ka a waya daga ofis.

Ɗan Gwandu:
Ku bar musu, ku tambayi Mai Kanta sirrinsa, shi ba a taɓa cin sa tarar gudu ba. Motarsa ko daga kan tudu aka turo ta, mai keke sai ya yi mata obatekin ya waiwayo ya ce sannu da aiki.

Mai Kanta:
Ɗan Gwandu ita ta kai kayan ɗakin amaryarka Kalgo, kuma har yau ban ga kuɗin mai ba.

Nura Yauri:
Tunda an zo maganar gudu, ni abin da ke ƙona mini rai ke nan. Doka ta ce tirela da tanka kilomita 50 a babbar hanya, 60 a titi mai tagwaye. Tun 2017 aka fara kama motar haya da ba ta da na'urar taƙaita gudu. To madalla. Amma mai albasa ko mai shanu yana kiran ka kowace awa, yana so ka shiga Mile 12 ta Legas kafin kasuwa ta faɗi. Ka yi a hankali a ce ka kashe kaya, ka taka totur a rubuta ka, tarar kuma daga aljihunka.

Sani Kamba:
Dubu 35 aka sa wa motarmu na'urar nan lokacin da aka fara.

Habu Tanka:
Wane 35? Namu ogan cewa ya yi ta haura dubu 100, ya riƙa cire wa a alawus ɗinmu kaɗan kaɗan.

Malam Bala Akawu:
Wannan zalunci ne, na'ura ta mai mota ce, direba ba ya biyan ta.

Ɗan Bunza:
Na gode iyayena. To in na rubuta gaskiya, in kai rasit na asali ko kwafi? Kuma garanton nawa kawuna ne, yanzu labarin Baba ya sa ina jin nauyin kai masa takardar.

Maman Hafsat:
Ƙanena kafin komai ka tambaye su yadda suke lissafin gas. Tun da lita ta haura naira dubu, maigidana kusan kowace tafiya sai an ce mai ya yi gibi an yanke masa. Ba sa lissafin tsayuwar da ake yi a layi inji na aiki, ba sa lissafin ramukan da ke sa a yi ta tafiya da ƙaramar giya. Wani watan abin da yake kawowa gida bai kai kuɗin makarantar yara ba.

Habu Tanka:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Ga masu igiya da katako mai ƙusa, kowace ƙaramar hukuma da nata rasit. Kuɗin hanyar da aka ba ka kafin ka kai Ilori ya ƙare, ka kira ofis a ce kai ka san inda ka kai shi.

Nura Yauri:
Ni yanzu duk rasit ɗin da suka ba ni ina ɗaukar hotonsa nan take in tura wa oga. Duk da haka na makon jiya bai biya ba, wai hatimin bai fito sosai ba. Akwai wanda ya san nawa suke karɓa yanzu a kan tirelar shanu daga Yauri zuwa Mokwa? Jibi zan tashi, ina so in san abin da zan nema kafin in bar gareji.