Likita ya ce a canza wa Baba gwiwa, shi kuma ya ce a jira

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina shekararsa 67, gwiwarsa ta dama ta cinye, hoto ya nuna ƙashi na gugar ƙashi. Likita ya ce a yi aiki a sa ta roba da ƙarfe, Baba ya ce sai ya cika 70, wai kada ta lalace yana raye a sake yanka shi. Maganin rage ciwo na diclofenac yake sha safe da dare, matakala kuwa ya daina hawa. Don Allah jiran nan yana da illa?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni ƙugu aka canza min. Ciwon nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, 'yata. Da na fara ɗingishi nauyi ya koma ɗaya ƙafar, ita ma ta ɗauka, sai baya, sai barci ya gagara. Cinyar kuwa ramewa ta yi don rashin aiki, kuma da ita ake koyon tafiya bayan tiyata. Na sha wuya wajen gashi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Maganin nan ya fi gwiwar tayar min da hankali. Diclofenac kullum a shekarunsa yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya hau da jini. A auna masa ƙoda tun yanzu. Guringuntsin da ya cinye ba ya tohowa. Ƙafar tana iya ƙara karkacewa, gaɓar ta sandare, aikin ya ƙara wahala. Wanda ya shiga tiyata da sauran ƙarfinsa yakan fi saurin miƙewa. Tsoron lalacewa kuma, binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin da aka canza suna kai shekara 25. Ki yi masa lissafin.

Ɗan Auta:
Amma fa ba kowane jinkiri ne sakaci ba. Yayata sai da aka ɗaga nata har sukarinta ya sauka, don gudun kada wurin ya kamu da ƙwayoyin cuta. Idan an yi wa Baba allurar sitiroyid (ta rage kumburi da ciwo) a gwiwar, ku gaya wa likita, yawanci sai an bar wata uku kafin a yi aiki.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Ba a yi masa allurar ba, amma yana da hawan jini. Gobe in sha Allah zan kai shi awon ƙodar, in bar likita ya yi masa bayanin shekara 25 ɗin da bakinsa, don tawa ba zai ji ba.