Shawarwari ga yaron da zai buga wasa a gasar NWAC

Mun zauna da iyaye da wasu tsofaffin 'yan wasa kan batun NWAC, ƙungiyar da ke shirya gasar wasanni tsakanin kwalejojin shekara biyu da na koyon sana'a a arewa maso yammacin Amurka, galibi jihohin Washington da Oregon. Asalinta tun 1946 ne, kuma ba ƙarƙashin NJCAA take ba, wato ƙungiyar wasannin irin waɗannan kwalejoji ta ƙasa baki ɗaya, dokokinta daban.

An fi daɗewa kan maganar karatu, kuma ni ma nan ne hankalina ya fi tashi. Kaka biyu kacal ɗalibi ke bugawa. Sai ya yi rajistar cikakken karatu, kiredit 12 a zango, kafin a sa shi a fili, sannan sai matsakaicin makinsa na karatu (GPA) ya kai 2.0 kafin ya shiga kaka ta biyu. Wani tsohon mai tsaron gida ya ba mu labarin yadda ya janye darasi ɗaya a tsakiyar zango, ya ƙare kakar a benci da rigar sanyi, yana kallon abokansa suna bugawa cikin ruwan sama.

Mai burin wucewa jami'ar rukunin farko na NCAA, babbar ƙungiyar wasannin jami'o'in Amurka, ya sani cewa shekaru biyar ɗin da aka ba shi na damar buga wasa sun fara ƙirguwa tun ranar da ya fara cikakken karatu a kwaleji.

Batun kuɗi kuwa, kowa ya yarda: tallafin kaɗan ne. A tambayi koci a rubuce abin da za a biya, a kuma tanadi kuɗin haya tun daga gida.